Kurakuran Yara a Tashin Tsere, da Yadda Nake Gyara Su

Na gaji da ganin abu ɗaya. Yaro ya durƙusa a kan matokarin ƙafa, wato abin da mai tsere ke dannawa da ƙafa don ya tashi, a ba da alamar tashi, tun a taku na biyu ya miƙe ƙiƙam kamar wanda aka kira sunansa. Koci yana gefe yana ta ihu, "Ka sunkuya!" Yaron kuwa ya rantse a sunkuye yake. Ba ƙarya yake yi ba, haka jikinsa yake gaya masa, kuma ba zai yarda ba sai ya ga kansa a bidiyo.

Wannan miƙewa da wuri ta fi komai cin lokaci. A takun farko, aikin ƙafa shi ne ta tura ƙasa baya, don haka lokacin barin matokari ana so jiki ya zama miƙaƙƙen layi daga dunduniya zuwa ƙeya, a karkace kusan digiri 45, sannan ya riƙa tashi sannu a hankali har wajen mita 20 zuwa 30. Abu biyu ke kawo matsalar: ko yaro ya ɗaga kai yana neman layin ƙarshe, ko ya miƙa takun farko ya yi tsawo, ƙafar ta sauka a gaban kugu ta zama birki. In ka ce masa ya sunkuya, sai ya lanƙwashe daga kugu, abin ya ƙara lalacewa. Ni na daina faɗin kalmar. Ina ajiye waya a gefen layinsa, daidai tsayin kugu, in ɗauka a hoto 120 ko 240 cikin sakan ɗaya, in tsayar da bidiyon daidai inda ƙafa ta taɓa ƙasa. Ƙwauri kawai muke dubawa. In ya karkata gaba, madalla. In ya tsaya cak kamar turke, sai in ce, "Tura ƙasa baya," in yi shiru.

Kuskure na biyu nawa ne, kuma har yau yana min ciwo. Akwai wata yarinya da na horar, mai sauri ƙwarai. Kullum ina ba ta umarnin ɗaga kugu, in ɗan jira, in tafa hannu. Ashe tazarar da nake bari ba ta canzawa, ita kuwa ta haddace ta. Ni ina ta murna wai ta iya tashi, alhali ba sauraro take yi ba, ƙirge take yi a zuci. Ranar gasa alƙali ya ɗan jinkirta harbin bindigar tashi, ta riga malam masallaci, aka fitar da ita. Aikin wata da watanni ya tashi a banza, kuma laifin ba nata ba ne.

Ku masu koya wa yara cinkayen bindiga, ku ji tsoron Allah. Tun 2010 dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ita ce tashi ɗaya kafin harbi ya isa a cire mutum, kuma duk wanda na'ura ta nuna ya motsa cikin ƙasa da sakan 0.100 bayan harbi, ya yi laifi. Usain Bolt da kansa an cire shi a wasan ƙarshe na mita 100 a Daegu a 2011. Devon Allen, ɗan tseren Amurka, ya sha kora a Eugene a 2022 saboda ya motsa sakan 0.099 bayan harbi. Ranar da Bolt ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a Berlin a 2009 kuwa, sai bayan sakan 0.146 ya motsa, wasu ma sun riga shi. Yanzu a bayan yara nake tsayawa don kada su ga hannuna, kuma ba na maimaita tazara ɗaya sau biyu a jere.

Sauran ƙanana ne. Matokarin gaba tsawon tafin ƙafa biyu daga layi, na baya uku, daga nan a gyara gwargwadon yaron. Gwiwar gaba kusan digiri 90, ta baya wajen 120, kugu ya ɗan ɗara kafaɗa. Amma kada ka danne ɗan shekara 12 da ma'aunin manya, in hannuwansa na rawa, ka mayar masa da nauyin baya kaɗan. Bidiyon da aka ɗauka daga gaba ko a karkace ba ya auna kusurwa, ɓata lokaci ne.

Akwai kuma kocin da zai buɗe Kinovea, manhajar nazarin bidiyo, ya zana layi goma a jikin yaro, ya lissafa masa laifi goma. Yaron ya koma matokari kansa ya cika, ya kasa ko motsi. Gyara ɗaya nake bayarwa a rana. Tashi shida zuwa takwas muke yi, da hutu sosai a tsakani, bidiyo kuma sau biyu kawai nake nunawa, na farko da na ƙarshe. Kafin in nuna ma sai na tambaye shi, "Me ka ji a jikinka?"