Darasi na Bakwai: Canza Birenbos na Injin Jirgin Ruwa Don Ƙarin Ƙarfi

Masu jirage a Yawuri da Baga da Lokoja da bakin tafkin Kainji sun saba da injin da ake ratayawa a bayan jirgi. Shekara da shekaru wanda aka fi gani shi ne Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Yanzu sababbin injuna masu shan mai kaɗan suna shigowa, kuma tare da su wata magana ta shigo: wai in ka cire birenbos na ƙaramin inji ka sa na babba, ka mallaki babban inji a kuɗin ƙarami. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai yadda ake yayata ta ba.

Aikin birenbos

Ɗaga murfin sabon inji, za ka ga wani baƙin akwati kamar girman tafin hannu, wayoyi da yawa sun shiga cikinsa ta soket. Shi ne birenbos. A takardun kamfani ana rubuta shi ECU ko ECM. Ƙaramar kwamfuta ce. Tana karɓar labari daga sensa-sensa: saurin juyawar inji, zafinsa, yawan iskar da ke shiga, da inda matuƙi ya murɗa totur. Daga nan sai ta yanke yawan fetur ɗin da injekta za ta fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, da iyakar juyawar da inji ba zai wuce ba.

Enduro mai kafireta ba shi da wannan. Akwatin da ke jikinsa ana kiransa CDI, kuma aikinsa wutar fulogi kawai. Duk wanda ya ce zai sa wa Enduro 40 birenbos ya mai da shi 60, kuɗinka yake so. Girman cikin injin cc 703 ne (cc shi ne ma'aunin girman cikin silinda), silinda biyu, kuma babu akwatin da zai ƙara masa.

Inda gaskiyar take

Ƙera sabon inji daga tushe na cin kuɗi mai yawa. Saboda haka kamfani kan ƙera jiki ɗaya, ya sayar da shi da ƙarfi biyu ko uku, kowanne da farashinsa. Dubi Suzuki. Injunansa DF9.9B da DF15A da DF20A (lambar da ke cikin sunan ita ce ƙarfin dokin injin) duk cc 327 ne, silinda biyu. Haka DF40A da DF50A da DF60A duk cc 941 ne, silinda uku. Manyan Yamaha F225 da F250 da F300 masu silinda shida su ma girmansu ɗaya, lita 4.2.

Lambar 9.9 ɗin nan ma tana da dalili. A wasu tafkuna na Amurka da Kanada doka ta hana injin da ya kai doki 10, sai kamfanoni suka matse babban inji ya tsaya ƙasa da goma. A irin wannan inji, ƙarfen na iya ba da abin da ya fi haka, birenbos ne ya riƙe shi. Birenbos kamar linzami ne: in ka sassauta shi doki zai saki gudun da yake da shi, amma sassauta linzami ba ya mai da jaki doki.

Kuma ko a nan ba birenbos kaɗai ba ne. A DF9.9B akwai wani ɗan abin toshi da ke matse hanyar iska. Wanda ya sa birenbos na 20 ya bar toshin, ya biya kuɗi bai samu ashirin ba, domin wuta ba ta ci sai da iska.

Inda take ƙarewa

Girma ɗaya ba ya nufin ƙarfe ɗaya. Yamaha F60 da F70 duk cc 996 ne, silinda huɗu. Amma F60 bawul biyu yake da shi a kowace silinda, F70 kuwa huɗu. Kan injin daban ne gaba ɗaya. Birenbos na F70 an tsara shi ne don injin da ke shaƙar iska fiye da F60. Ka sa shi inda bai dace ba, lissafin mai da iska ya rikice. In mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa tari, fetur na tsiyayewa cikin baƙin mai. In mai ya yi kaɗan, wannan ya fi muni: zafi ya hau, kan fistin ya ƙone, kuma ba a bakin gaɓa yake yi ba, sai an kai tsakiyar ruwa da kaya.

Hanyar sani ɗaya ce, kuma nan ne karatu ke da rana. Kowane inji yana da littafin kayan gyara, kowane ƙarfe da lambarsa. Bakanike ya buɗe na injunan biyu, ku bi lamba da lamba: kan inji, kamshaf, injekta, bututun iska, salansa, giya. Inda lambobi suka zo ɗaya, ƙarfe ɗaya ne. Inda suka bambanta, wannan ma sai an saya. Shekarar ƙira ita ma a duba ta a ɗan allon da ke manne a jikin inji, don kamfani kan canza soket ko sensa ba tare da ya canza sunan inji ba.

Ga yadda wani mai jirgi ya yi da bakanikensa:

"Malam, an kawo mini birenbos na sittin, na hannu. A sa?"

"Ranka ya daɗe, daga wane inji aka ciro shi?"

"Mai kayan bai faɗa ba."

"To a mayar masa. Wanda ba a san asalinsa ba, wataƙila daga injin da ya nutse ne, wataƙila na sata ne."

Bakaniken yana da hujja. Birenbos na ajiye awannin da inji ya yi aiki da tarihin matsalolinsa. Na hannu zai zo da awannin wani inji, daga ranar lissafin sabis ɗinka ya ɓace. Wasu kuma an ɗaure su da makullin hana sata, irin Y-COP na Yamaha, ba za su tashi ba sai da makullinsu. Garantin kamfani ma ya tafi ranar da aka canza.

Farfela da jirgi

A ce komai ya dace, an sa, inji ya tashi. Aiki bai ƙare ba. Kowane inji yana da iyakar juyawa idan an buɗe totur duka. DF9.9B yana son 4,700 zuwa 5,700 a minti, DF20A kuwa 5,300 zuwa 6,300. Farfela ce ke sa inji ya faɗa cikin wannan iyaka. A ƙiyasin makanikai, ƙarin inci ɗaya a karkatar fukafukin farfela na rage juyawa da kusan 150 zuwa 200. Ba a gwada wannan da kunne, sai da mitar auna juyawar inji, kuma jirgi na ɗauke da kayan da ya saba ɗauka.

Sai babbar tambaya: wane irin jirgi gare ka? Ƙaramin jirgin roba mara nauyi, mai ɗagowa ya sulala a saman ruwa, yana jin ƙarin ƙarfi. Ko shi ɗin, ninka ƙarfi ba ya ninka gudu, abin da yake ƙarawa bai cika wuce kashi 40 cikin ɗari ba. Dogon jirgin katako mai buhunan shinkafa da busasshen kifi kuwa ture ruwa yake yi, kuma tsawonsa ne ke yanke masa gudu. Da ya kai wannan iyaka, ƙarin ƙarfi sai ya danna bayansa ƙasa ya ta da igiyar ruwa, fetur na ƙonewa a banza. Duk wannan ƙarfin kuma a kan katakon baya yake sauka. Tsohon katako mai ƙusoshi masu tsatsa yana iya tsagewa.

Ni dai a ganina, yawancin masu kukan inji ba ƙarfi ba birenbos ne matsalarsu ba. Farfela ce ta lanƙwashe a kan dutse ko kututture, ko filtar mai ta toshe, ko an sha fetur ɗin jarka mai ruwa, ko gansakuka ta lulluɓe ƙasan jirgi. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin birenbos ba.

Wanda duk da haka ya ƙudura zai canza, ya kashe inji ya cire wayar batir tukuna, in akwai batir. Hannu a bushe, soket a bushe. Ya ajiye tsohon birenbos a leda, kada ya sayar. Gwajin farko a yi shi kusa da gaɓa, ba fasinja, kowa da rigar kariya, ido a kan ruwan sanyaya inji da yake tsartowa ta baya. Ruwan nan ya tsaya, a kashe inji nan take. Ranar sayar da injin kuma a faɗa wa mai saye abin da aka yi masa.

Aiki

1. Je ka duba allon jikin injinka, ka kwafo sunansa da lambarsa cikin littafinka.
2. Me ya sa birenbos na F70 bai dace da F60 ba? Rubuta jimla biyu.
3. A ce injinka na shan lita 4 a awa, bayan canji ya koma lita 7. Kana aiki awa 5 a rana, kwana 6 a mako. Lita nawa aka ƙara a mako? Ninka da kuɗin lita ɗaya a garinku.
4. Inji na juyawa 6,500 a minti, ana so ya sauko 6,100. In kowane inci na rage 200, inci nawa za a ƙara wa farfela?