Darasi na 7: Kafin Ka Sayi Tsohuwar Kujera Mai Sassaƙa

Tsohuwar kujera mai sassaƙa tana da shiga rai. Ga ganye da fure an fitar a jikin katako, ga hannunta ya yi sumul saboda yawan dafawa. Amma kafin ka ciro kuɗi, tambayi kanka: zama za a yi a kanta, ko ado ce? Wadda yara za su hau su sauka kullum daban take da wadda za a ajiye a kusurwar ɗaki ana kallo.

Masu cinikin kayan tarihi ba sa sa kujera a wannan sahun sai ta kai shekara 100. Wata kuwa sabuwa ce, launi aka shafa mata ta yi duhu. Don haka kada ka tsaya ga fuskarta. Kifa ta, ka duba ƙasanta, domin nan ne ba a cika yi wa kwalliya ba.

Fara da sassaƙar. Aikin hannu ba ya zuwa daidai wa daida. Furen dama zai ɗan bambanta da na hagu, kuma idan ka bi da yatsa za ka ji sawun ƙarfen masassaƙi. Idan komai ya fito tamkar an buga hatimi, inji ne ya yi. Sai ka duba sukurun da ke jiki. Mai kan kuros bai bazu ba sai bayan 1930. In ka gan shi, ko dai an taɓa gyara kujerar, ko kuma ba ta kai shekarun da aka faɗa maka ba.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙwaron katako. Yakan bar ƙananan ramuka, faɗinsu milimita 1 zuwa 2. Shimfiɗa farar takarda, ka ɗora kujerar, ka ƙwanƙwasa ƙafarta. Idan gari mai haske ya zubo, da alama ƙwaron yana ciki, kuma zai iya kama sauran katakon gidanka.

Yanzu zauna a hankali, ka ɗan motsa. Tana rawa? Sau da yawa gam ɗin mahaɗa ne ya bushe, kafinta zai iya gyarawa. Ƙafar da ta tsage kuwa aiki ne babba. Nemi a faɗa maka kuɗin gyara tun kafin ciniki, ka haɗa shi da kuɗin saye.

In akwai tsohon fenti a jikinta, kada ka goge shi da samfefa. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. Bayan haka, kankare asalin launi yana rage wa kujerar daraja.

Aiki: Kifa kujera ɗaya ta katako a gida. Rubuta abubuwa 3 da ka gani a ƙasanta, ka karanta wa aji a zama na gaba.