Yadda Ake Gane Inda Maziyartan Shafinka Suke Fitowa da Google Analytics

Yawancin masu shafin da suka sanya Google Analytics ba a wajen girkawa suke tuntuɓe ba. Girkawa aikin minti goma ne. Matsalar tana zuwa bayan mako biyu, lokacin da mutum zai buɗe rahoto ya tarar kusan duk maziyartansa an jibge su ƙarƙashin Direct, wato kamar kowa da hannunsa ya rubuta adireshin shafin. Alhali shi ya san a WhatsApp ya watsa. Daga nan sai ya ce abin bai da amfani, ya daina leƙawa. A kan wannan gaɓar zan fi tsayawa.

Da farko, buɗe asusu a analytics.google.com da Gmail ɗin kasuwancinka, ba na yaron da ya gina maka shafin ba. Ran da kuka saɓa, da bayanan zai tafi. Wajen cike bayanai ka zaɓi lokacin Najeriya ko Nijar da kuɗin ƙasarka, in ba haka ba ranarka za ta riƙa ƙarewa da agogon wata ƙasa. Ka zaɓi Web, ka sa adireshin shafin, za a ba ka lamba mai farawa da G-. In WordPress gare ka, Site Kit na Google zai haɗa maka ba tare da ka taɓa komai ba. In Blogger ne, akwai gurbin lambar a cikin saituna. Duk wani darasi da ka gani yana maganar lamba mai farawa da UA-, wuce shi. Wannan tsohon tsarin ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yulin 2023.

Ka buɗe shafin a wayarka, ka duba Realtime, mai nuna waɗanda suka shigo cikin minti 30 da suka wuce. In ka ga mutum ɗaya, kai ne, aiki ya yi. Sauran rahotanni sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin su cika, kada ka cire ka sake sakawa don gaggawa, sai ka wayi gari lambar ta shiga sau biyu tana ƙirga kowane buɗi biyu. Kafin ka fita, shiga Admin ka nemi Data retention, wato tsawon lokacin da ake ajiye bayanai, ka mayar da shi wata 14. A wata 2 yake zuwa, kuma abin da ya goge ba ya dawowa.

To, ga inda gizo yake saƙar. Idan mutum ya latsa mahaɗi daga wani shafi, burauzarsa takan faɗa wa naka daga ina ya fito. Amma idan daga cikin WhatsApp ya latsa, ko saƙon tes, ko takardar PDF, galibi ba a aika wannan bayanin, sai Analytics ya rasa inda zai sa shi, ya jefa shi Direct. Mu kuwa a nan kasuwa a WhatsApp take ci: status, zaurukan 'yan uwa, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai. Maganin shi ne ka liƙa wa mahaɗin alama da kanka kafin ka tura shi. Ana kiran alamar UTM, kuma Google na da shafi kyauta mai suna Campaign URL Builder da ke haɗa ta.

Gurabe uku kawai za ka cike. A utm_source ka rubuta inda za ka watsa, misali whatsapp. A utm_medium ka rubuta social. A utm_campaign ka rubuta sunan tallan, misali atamfar_sallah. Sai mahaɗin ya fito da jela kamar haka bayan adireshinka: ?utm_source=whatsapp&utm_medium=social&utm_campaign=atamfar_sallah. Wanda ya latsa ba zai ga bambanci ba, kai kuwa za ka gani a rahoto.

Kada ka ƙirƙiri taka kalmar a gurbin medium. Na ga masu rubuta "zaure" ko "talla", sai maziyartan su koma ƙarƙashin Unassigned, wato waɗanda ba a san rukuninsu ba, an gudu ba a tsira ba. Analytics kalmomin da ya sani yake bi, social na cikinsu, email ma haka. Sannan komai da ƙananan baƙaƙe. WhatsApp da whatsapp da Whatsapp wurare uku ne daban a wurinsa, kuma in ku biyu kuke tura tallan, tabbas sai kun rubuta daban-daban. Ni dokata ita ce a buɗe takarda guda a Google Sheets, duk mahaɗin da aka haɗa a ajiye shi nan, kowa ya kwafa daga can. Mahaɗin status daban, na zaure daban. Ka banbanta su a source, whatsapp_status da whatsapp_zaure. A nan ne za ka gane ko status ɗin da kake wahalar ɗorawa kullum da asuba yana kawo kowa. In jelar ta yi maka tsawo ka gajarta da Bitly. Abu ɗaya: kada ka taɓa sa UTM a mahaɗan da ke cikin shafinka, daga wani shafi naka zuwa wani. Na waje ne kaɗai.

Sanin inda suka fito rabin aiki ne, saura sanin wa ya yi abin da kake so. A shafukan kasuwancinmu abin nan yawanci maɓallin "yi mana magana a WhatsApp" ne. Analytics da kansa yana ƙirga latsa mahaɗan da ke fita waje muddin Enhanced measurement na kunne. Ka shiga Events, ka ƙirƙiri sabo mai suna latsa_whatsapp, sharaɗinsa event_name ya zama click, link_url kuma ya ƙunshi wa.me. Bayan ya bayyana ka yi masa alamar key event, wato muhimmin abin da kake so maziyarci ya yi, abin da kafin 2024 ake kira conversion. Yanzu a rahoton Traffic acquisition za ka ga Facebook ya kawo mutum nawa, nawa daga ciki suka nemi magana da kai. Sau da yawa wurin da ya fi kawo taro ba shi ne ya fi kawo ciniki ba.

Rahoton garuruwa kada ka ɗauke shi da zafi. Daga adireshin intanet ake hasashensa, kuma mai datar waya a Kano ko Gusau yana iya fitowa a matsayin ɗan Legas. Haka cire ziyarar kanka ta hanyar IP, wato wannan adireshin intanet, ba ya tsayawa in da datar waya kake aiki, tunda lambar canzawa take. A kwamfuta ka sa ƙarin burauza na Google mai hana Analytics ƙirga ka.

In kana son ganin yadda mutane ke yawo a shafin, inda suke latsawa da inda suke tsayawa, ƙara Microsoft Clarity, kyauta ne. Kada ka sa lambar waya ko imel ɗin kowa cikin UTM, Google ya hana. Ka kuma rubuta a shafinka cewa kana tattara bayanan ziyara, domin Najeriya na da dokar kare bayanai tun 2023. Mai manhajar waya kuma ta Firebase, dandalin Google na masu manhajoji, zai haɗa, rahoton ya sauka a wannan asusun dai.