Yadda Za Ka Yi Wa Tagarka Kewayen Katako Da Kanka

In kana Yamai, kasuwar Katako za ka je, amma ka fara auna tagar da metir, sama da ƙasa duka, don maginanmu ba kullum suke fitar da kusurwa daidai ba. Ka ƙara kamar santimetir 10 a kowane gefe saboda yanka.

Wajen zaɓe kuma kada ka yarda da ɗanyen katako ko da mai shagon ya rantse maka, hunturu na zuwa zai bushe ya lanƙwashe, mahaɗar ta buɗe baki har ƙadangare ya leƙo. Ɗaga shi ka hanga da ido ɗaya, in ya karkace aje shi.

Yanke bakin kowane katako da zarto a digiri 45, ka jera su huɗun a ƙasa tukuna ka ga sun haɗu. Shafa maganin gara musamman bayan da zai manne da bango, don nan ne gara ke fara ci. Na sama ake fara kafawa, sai gefe biyu, sannan na ƙasa. Bangon siminti ba ya son ƙusa, huda shi ka sa shabil (robar da ake cusawa cikin ramin) da bis (ƙusar da ake murɗawa). Ramukan da suka rage cika su da garin katako haɗe da kol (gam ɗin katako), goge, sannan fenti shafi biyu.