Kafin ka sayi fom ɗin mastas: hanyar zama malamin kurame ko makafi mai lasisi

Ɗan yayata ne ya tare ni a zaure ranar wani suna a gidansu, ya ce, "Kawu, fom ɗin mastas zan saya, ɓangaren masu buƙata ta musamman, irin naku." Digirinsa na kimiyyar sinadarai ne, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Na tambaye shi ko ya taɓa wuni a ajin kurame. Ya ce a'a. Na makafi fa? Sai ya hau sosa ƙeya. Na ce to mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Shekara 11 ke nan ina koyar da kurame, kuma ni ma da digirin da ba na koyarwa ba na shigo. Abin da na faɗa masa ranar shi ne zan shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Fara da zuwa ka gani da idonka. Idan kana Kano, akwai makarantar Tudun Maliki. Kaduna da Sakkwato da sauran manyan biranen Arewa ma akwai irinta ta gwamnatin jiha, a Filato kuma akwai makarantar makafi ta Gindiri, wadda 'yan mishan suka buɗe tun 1953. Rubuta wa shugaban makarantar takarda, ka ce kana son ka riƙa zuwa taimako kwana biyu a mako, ba don a biya ka ba. Da wuya a kore ka, kusan ko'ina hannu ya yi musu kaɗan. Ka yi zango guda cur. A nan za ka gane inda zuciyarka ta karkata, domin wannan fanni sunansa ɗaya ne amma sana'o'i ne daban-daban. Malamin kurame ba lallai ya iya komai a ajin makafi ba, haka mai kula da yara masu galahanga ko masu jinkirin fahimta aikinsa daban ne. Duk jami'ar da za ka je sai an tambaye ka wanne ka zaɓa.

Ranar farko da aka bar ni da aji, na juya ina rubutu a allo ina ta zuba bayani kamar yadda na saba. Da na waiwayo, rabin yaran sun shiga hirarsu da hannu, sauran suna kallona da tausayi. Wani dattijon malami da ke zaune a baya ya jira aka tashi, ya ce, "Malam, da ka ba su ƙeya ka yi shiru ke nan, ko kana ihu." Shi ya nuna mini kada in tsaya taga tana bayana, don fuskata za ta yi duhu, alhali rabin maganar a fuska take. Shi ya sa na jera kujeru kamar jinjirin wata, kowa na ganin hannun kowa. Bayan mako uku yaran suka raɗa mini suna: ɗan yatsa a kan haƙoran gaba, saboda wushiryata. Har gobe da shi ake kirana, kuma babu takardar da na karɓa da ta faranta mini rai kamarsa.

Wani abu da zai ba ka mamaki: maganar hannun da ake koyarwa da ita a makaranta ba ita ce ta gida ba. Ta makaranta tushenta na Amurka ne. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da tasu tun kaka da kakanni, wadda za ka ga ana yi a kasuwa da majalisarsu ta yamma. Yaro yakan zo aji ɗaya da ta gida, ko da 'yan alamun da shi da mahaifiyarsa kaɗai suka sani. Idan ta makaranta kawai ka iya, shekararsa ta farko za ta tafi a banza. Koyi duka biyun, kuma a wajen kurame za ka koya, ba a littafi ba.

Idan makafi ka zaɓa, rubutun Braille ne jarinka. Ɗigo shida ne, uku a hagu uku a dama, da su ake haɗa alamomi 63. Da allon hannu da tsinkensa daga dama ake hudawa zuwa hagu, sannan a juya takardar a karanta daga hagu. Sabon shiga yakan yi makonni yana rubuta harafi a juye. Na'urar Perkins, wadda ake buga Braille da ita kamar tafireta, ta fi sauƙi amma tana da tsada, makaranta guda sai ka tarar ƙwaya kaɗan ce ke aiki, don haka kada ka raina allon hannu.

To, yanzu takardu. Doka a Najeriya ba ta san ka a matsayin malami ba sai kana da shaidar koyarwa, mafi ƙaranci NCE. Mai digirin sinadarai ko tattalin arziki ko HND, hanyarsa ita ce difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE. Yawanci shekara guda ce, da koyarwar gwaji a ciki. Tsangayoyin ilimi na jami'o'i suna yi, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna ma tana yi a cibiyoyinta na jihohi, kuma karatun ƙarshen mako ne, ya dace da mai aiki. Shawarata a nan guda ce: idan lokacin koyarwar gwaji ya zo, roƙi a tura ka makarantar da kake taimakon nan. Ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sai dai ka sani PGDE ta gama-gari ce, darasin masu buƙata ta musamman a cikinta ɗan tsakure ne.

Wanda ya riga ya yi digirin ilimi, ballantana wanda ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977 kuma ta yaye da yawa daga cikin manyanmu, wannan matakin ba nasa ba ne, ya wuce gaba.

Daga nan sai lasisi. Hukumar rajistar malamai, TRCN, an kafa ta da dokar soja mai lamba 31 ta 1993, kuma tun 2017 sai ka ci jarrabawarta ta cancanta kafin ta yi maka rajista. A kwamfuta ake yi, tambaya da zaɓin amsa. Ta kasa malamai gida huɗu: rukunin A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE. Kai mai digiri da PGDE a C za ka faɗa. Kuɗin ya danganta da rukuni kuma yakan canza, don haka ka duba shafin hukumar ko ka leƙa ofishinta na jiharku, kada ka miƙa wa wani ɗan tsakiya ko kwabo. Takardar rajista daban, lasisi daban. Shi lasisin sabunta shi ake yi bayan shekara uku.

Jarrabawar ba dodo ba ce. A zauren da na rubuta tawa, abin da ya kayar da mutane ba tambayoyin ba ne, linzamin kwamfuta ne. Wata malama kusa da ni, ta kai shekara 20 tana koyarwa, hannunta sai rawa yake, minti goma suka wuce ba ta buɗe tambayar farko ba. Idan ba ka saba ba, je shagon kwamfuta ka biya kuɗin awa biyu ko uku ka yi ta gwaji. Sannan ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a duk takardunka. Ni Muhammad ne a wata, Mohammed a wata, sai da na yi rantsuwar kotu, ya ci mini wata biyu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, lasisin nan na malanta ne kawai. A Amurka jihohi kan ba malamin wannan fanni shaidarsa ta daban, mu nan iri ɗaya ne da na malamin lissafi. Babu wanda zai sa ka yi jimla ɗaya da hannu kafin ya ba ka. Shi ya sa za ka tarar da mai lasisi da digiri biyu a gaban kurame yana kame-kame, yaran na fassara wa juna abin da suke zaton yana nufi. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ne dalilin da na hana ɗan yayata farawa ta sama.

Mastas ɗin sai ka riƙe waɗancan. Jami'ar Bayero a Kano, Jami'ar Jos da Jami'ar Ibadan duk suna da sashe na wannan fanni, har digirin digirgir. Za a nemi sakamakon sakandare mai kiredit biyar da Turanci a ciki, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, wasiƙun malamai masu tsaya maka, da cikakken sakamakon digirinka wanda tsohuwar jami'arka za ta aika da kanta. Wannan na ƙarshen ka fara nemansa tun ba a fitar da fom ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Nawa sai da na yi sawu huɗu, har aka kusa rufe karɓa. Kafin ka biya ko sisi, taka ka je sashen ka tambayi mai kula da karatun gaba da digiri ko PGDE ɗinka ta isa a ɗauke ka kai tsaye, domin sharaɗin wannan jami'a ba shi ne na waccan ba. Tambayi kuma wane malami ne ke duba bincike a ɓangaren da ka zaɓa, kuma ɗalibai nawa ne a hannunsa. Ɗaura ɗamarar shekara biyu, in an yi yajin aiki ka ƙara.

Batun aiki kuwa, dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ƙwararre ɗaya mai kula da irin waɗannan ɗalibai. A aikace an yi nisa da hakan, amma riƙe wannan sashen a kanka ranar ganawa da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko ma'aikatar ilimi. Makarantu masu zaman kansu a Abuja da Kaduna da Kano ma suna neman masu iya kula da yara masu galahanga, wasu kuma na samun na cefane da tafinta a taruka da asibiti. Tafi da wasiƙa daga shugaban makarantar da ka yi wa taimako, a sa mata hatimi.

Ɗan yayata yanzu yana zuwa Talata da Alhamis, Asabar kuma yana ajin PGDE. Makafi ya zaɓa, ba kurame ba, abin da ban zata ba. Makon jiya ya kawo mini takarda duk huji, wai sunana ne ya rubuta. Na kai wa abokin aikina makaho ya shafa, ya yi dariya ya ce harafi biyu a juye suke.