Yadda ake zaɓen rim da tayar da za su zauna wa tsohuwar motar da aka yi wa kwaskwarima

Yawancin masu tsofaffin motoci da ido suke sayen rim. Mutum ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya hango rim mai sheƙi inci 17, ya biya, sai an ɗaura sannan a ji taya tana gurzar jikin mota duk sanda aka karya sitiyari. Matsalar ta fi tsanani ga motar da aka riga aka taɓa: an sauke ta ƙasa, ko an ɗaga ta saboda gargada, ko an canja mata birki. Irin wannan motar ta saɓa wa abin da kamfani ya rubuta a littafinta, don haka awo ne zai raba gardama. Zan yi misali da Golf 3, wadda Volkswagen ta fara fitarwa a 1991, tunda har yau ba ta bar hanyoyinmu ba.

Mataki na farko: ƙidaya ramukan noti, ka auna su

Yawan ramuka kaɗai ba ya isa. Idan huɗu ne, ka ɗora tef daga tsakiyar rami ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. A Golf 3 mai ramuka huɗu za ka samu milimita 100, shi ne ake rubutawa 4x100. Fijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna ita ma huɗu gare ta, amma 4x140 ce, ita kuwa 406 tana da 4x108, wato ko 'yan gida ɗaya ba sa aron rim. Marsandi V-boot 5x112 ce. Ka yi hattara da 4x98 na Fiat: zai yi kamar ya shiga, amma notin a karkace zai zauna, kuma haka ake karya shi a kan hanya. Idan an taɓa canja wa motar ƙafa, ka auna gaba da baya duka.

Mataki na biyu: ramin tsakiya

Na Golf milimita 57.1 ne. Rim ɗin tsohuwar Corolla ma 4x100 ne, amma raminsa 54.1, ba zai hau ba. Idan ramin sabon rim ya fi faɗi, a sa masa zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa ko an yi balansin sau goma.

Mataki na uku: faɗin rim da lambar ET

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Ka juya rim ɗin da ke motar yanzu, a bayansa za ka ga rubutu kamar 6Jx14 ET45. Lamba 6 faɗinsa ne da inci, 14 girmansa, ET45 kuwa tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa ƙafar mota, da milimita. Lambar ET in ta ragu, rim ya leƙo waje. In ta ƙaru, ya nutse ciki wajen shokazoba.

A ce mai kaya ya kawo maka 7Jx15 ET35. Faɗi ya ƙaru da inci ɗaya, wato milimita 25 da ɗoriya, rabi ciki rabi waje, kusan 13 kowane ɓangare. ET kuma ta ragu da 10, ta tura shi waje. Saboda haka bakinsa na waje zai fito da kusan milimita 23, na ciki kuwa zai matsa da 3 kacal. Da wannan lissafin a hannu sai ka durƙusa gaban motar da tef, ka ga ko akwai sararin 23 ɗin tsakanin taya da bakin madigadi. A motar da aka sauke ƙasa, sau da yawa babu. Wasu sukan sa a lanƙwashe bakin madigadin. Ni na fi son a nemi rim mai ET da ta dace a bar jikin mota ya huta.

Mataki na huɗu: riƙe tsayin taya yadda yake

Rim na iya girma, amma tsayin ƙafar baki ɗaya, daga ƙasa zuwa saman taya, bai kamata ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba. Ɗauki 185/60 R14: faɗin taya milimita 185 ne, kaurin gefenta kashi 60 cikin ɗari na wannan faɗin, wato 111. Ninka shi biyu, sama da ƙasa, 222. Inci 14 kuma sau 25.4 ya ba da 355.6. Jimla kusan 578.

Yanzu gwada sauran. 195/50 R15 tana ba da 576, kamar an gwada aka yanka. 195/45 R16 tana ba da kusan 582, ita ma ta shiga. 205/40 R17 kuwa ta kai 596, ta ɗan haura iyaka: maleji zai nuna 100 alhali kana kan 103, mota ta yi nauyin tashi, ga gurza.

Lissafi ya yarda da 16, amma hanya ba lallai ta yarda ba. Gefen tayar inci 14 milimita 111 ne, na 16 bai kai 88 ba, kuma wannan robar ce ke shanye dukan rami kafin ya isa rim. Wanda ke bin hanyar ƙauye ko yake lodin fasinja, inci 15 ya ishe shi, 14 ɗin ma ba abin kunya ba ce.

Mataki na biyar: karanta sauran rubutun jikin taya

Bayan girman akwai lamba da harafi, kamar 82H. Lamba 82 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 475, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Kada ka sauka ƙasa da lambar nauyin da motar ta zo da ita. Sai lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera tayar: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. A tayoyin Beljiyom wannan ya fi zanen taya muhimmanci, don roba tana bushewa ko da zanen na nan raɗau. Wadda ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefenta ta sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, kwaltar watan Afrilu za ta cinye ta da wuri.

Mataki na shida: gwaji kafin biya

Ka yi yarjejeniya da mai kaya cewa sai an gwada. A ɗaura rim ɗaya a gaba, a juya shi da hannu mota tana kan jak, a tabbatar bai taɓa kan birki ba, musamman in an sa mata babban birki. A duba notin: na Golf na asali gindinsa zagaye ne, yawancin rim na kasuwa kuwa mazauninsu mai tsini ne, dole noti ya dace da mazauninsa, kuma ya shiga aƙalla zagaye shida da rabi. A sauke jak, a karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, ka zura hannu ka ji ko yatsa na wucewa ta ko'ina. Sannan mutum uku su zauna a baya, a hau tudun rage gudu a hankali, kunne na sauraro.

Idan shiru ne, a ɗaura sauran, a yi balansin da alaimen. Bayan tafiyar kilomita 50 ka tsaya wajen mai faci a sake ɗaure notin, ka kuma leƙa gefen tayoyin baya ko akwai sabon tabon gurza.