Yadda Ake Zaɓar UPS Mai Sauƙin Kuɗi Don Kwamfutar Gida

Aikin ƙaramar UPS, wato na'ura mai batir da ake sakawa tsakanin soket da kwamfuta, shi ne ta riƙe kwamfutarka na 'yan mintuna bayan wuta ta ɗauke, ka samu ka adana abin da kake yi, ka kashe na'urar yadda ya kamata. Mai son ya yi awanni yana aiki babu wuta, inbata da manyan batura yake bukata. Mai laftof kuwa batirinsa na jikin na'urarsa, sai dai ya nema wa rautar intanet 'yar ƙarama.

Mataki na farko, san nauyin da za ka ɗora mata. Kada lambar da ke jikin akwatin wutar kwamfuta ta ruɗe ka. In an rubuta 500W, iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ke nan, ba abin da kwamfutar ke sha kullum ba. Kwamfutar tebur ta rubuce-rubuce da shiga intanet ba ta cika wuce wat 150 ba, allo mai inci 24 yana cin wajen wat 30, rauta kuma wajen wat 10. Jimla 190 ke nan. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai don kada a ƙure na'urar, sai ka tashi da kusan 240. Kwamfutar wasanni mai babban katin hoto tana iya haura wat 400, don haka lissafinta daban ne. In ka samu ɗan ma'aunin wat da ake sokawa tsakanin soket da filogi, ya fi kintace.

Mataki na biyu ne wurin da aka fi yin asara. Babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali VA ce, wato wani ma'aunin ƙarfin wuta, kuma VA ba wat ba ce. A ƙananan UPS masu araha, wat ɗin bai cika wuce kashi 60 cikin ɗari na VA ba. Mai 650VA tana ɗaukar wajen wat 360, mai 1000VA wajen 600, mai 1500VA wajen 900. Juya kwalin ka nemi lambar wat, da ita za ka gwada lissafinka. Wanda ya ɗora nauyin wat 500 a kan mai 650VA, da zarar wuta ta ɗauke sai na'urar ta yi tsuwa ta mutu tare da kwamfutar, kuɗi sun tafi a banza.

Daga nan sai nau'i. Mafi araha tana zaune ne kawai har wuta ta ɗauke, sannan ta koma kan batir cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma akwatin wutar kwamfuta mai lafiya yana jure wannan ɗan giɓi. Ta tsakiya tana da AVR, wato tana daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama ba tare da ta taɓa batir ba. Inda wuta ke yawan rawa, ita ya kamata a saya, domin maras AVR za ta yi ta tsalle kan batir har ya gaji tun bai tsufa ba. Akwai ta uku, wadda kullum wutar ke bi ta cikin inbatarta, amma tsadarta da ƙarar fankarta sun fi ƙarfin bukatar gida.

Duba kuma irin wutar da take fitarwa a kan batir. Masu araha suna ba da wuta mai hawa-hawa, kwaikwayon ta soket, kuma kwamfutoci da yawa ba su damu ba. Amma wasu akwatunan wuta na zamani masu Active PFC (wani tsari na daidaita yadda akwatin ke jan wuta) sukan yi gunji ko su mutu nan take in aka ba su irinta. In kwamfutarka mai ƙarfi ce, nemi wadda aka rubuta wa "pure sine wave", wato mai ba da wuta irin ta soket sak, ko da ta ɗan fi tsada.

Batir ɗin fa? Galibi busasshen batir ne na darma, mai bolt 12 da 7Ah ko 9Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne). A takarda 12 sau 7 ya ba da 84, wato wat 84 na tsawon awa ɗaya, kamar zai riƙe nauyin wat 190 na minti 26. A zahiri da wuya ya kai minti 10, saboda batirin darma yana rasa ƙarfi in aka zuƙe shi da sauri, inbatar ma tana cin nata. Tambayi ranar da aka ƙera na'urar. Batirin da ya wuce wata shida a ajiye babu caji ya fara lalacewa tun yana cikin kwali, kuma sau da yawa nan ne sirrin arahar da ta yi yawa. Tabbatar ana iya buɗe murfi a canza batirin, sannan bolt da bakin soket sun dace da na ƙasarka.

Da ka kai ta gida, duba ko an cire wayar batir, domin wasu kamfanoni haka suke aiko da su. Bar ta a caji wajen awa takwas kafin ka ɗora mata komai. Bayanta yakan zo da soket iri biyu: masu batir, da masu kariya daga bugun wuta kawai. Kwamfuta da allo da rauta su shiga na farko. Firintar leza, hita da dutsen guga kada su kusanci masu batir ko kaɗan. In tana da kafar USB, haɗa ta da kwamfuta ka saita kwamfutar ta kashe kanta in batir ya yi ƙasa, ko da ba ka kusa.

Sai gwaji: adana aikinka, kashe makunnin soket na bango, ka duba agogo ka ga mintunan da za ta yi. Ajiye ta inda iska ke shiga, domin zafin da ya haura digiri 25 yana rage kwanan batir, wanda dama shekara uku zuwa biyar yake yi. Ranar da ta fara mutuwa cikin daƙiƙoƙi, ko batirin ya kumbura, a canza shi da mai bolt da girma iri ɗaya, tsohon kuma a kai wa masu sake sarrafa batura saboda darmar da ke cikinsa.